Igiyar Ƙulle-ƙulle a Ƙarƙashin Gadon Maigidana

Sau biyu na taɓa dangwala yatsana a takarda saboda maigidana. Na farko ranar aurenmu a coci. Na biyu kuwa muna tsofaffi, a falon gidanmu na unguwar Palladan a Zariya, ranar da ya roƙe ni in yarda a buɗe kansa a ciro ƙwaƙwalwarsa idan ya mutu. Na yarda, na kuma yi masa alkawari. Yadda alkawarin nan ya kusa kuɓuce mini, shi nake so a rubuta tun ina da bakin faɗa.

Ban yi makaranta ba. 'Yata ta fari ce ke riƙe da biro, ni ina magana. Idan kuka ya zo mini sai ta ajiye biron ta jira, domin har yanzu ina kuka, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Damina biyu ke nan da rasuwarsa, amma ko shekaranjiya na tsinci kaina na zuba shayi kofi biyu.

Ƙauyenmu ɗaya da shi, can kudancin Kaduna inda ake noman citta. Su biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarsu, shi da yayansa. Yaya ya tsaya a gona, shi kuma aka tura shi makaranta har ya kai ga karatun likita a Zariya. Da aka yi aurenmu bai gama ba tukuna, sai aka bar ni a ƙauye wajen surukata, wadda kowa ke kira Iya.

A gabana Iya ta ruɗe. Mace ce mai tsabta da iya lissafin kwanakin shuka, amma sai ta fara ganin mutanen da babu mai ganinsu. Takan ce yara sun cika mata ƙarƙashin gado, a kore su. Hannunta ya fara rawa. Wata rana ta shiga gidan maƙwabta da rana tsaka ta ce nata ne, su fita. A shekarar ƙyanda ta kashe yara biyu a unguwar, sai bakin mutane ya haɗu a kan cewa Iya ce ta kama kurwarsu. Aka fara jifan rufin ɗakinta. Yaya ya rasa yadda zai yi, sai ya mai da ita wani ɗaki kusa da rumbu ya sa kwaɗo. Ni nake kai mata abinci safe da yamma. A ɗakin nan ta mutu. Maigidana ya iso bayan an binne ta da kwana biyu, ya daɗe tsaye yana kallon ƙofar da kwaɗon. Bai ce wa yayansa komai ba, ranar ko bayanta.

Da ya gama karatu ya ɗauko ni zuwa Zariya. Muka kama ɗaki biyu a Sabon Gari, ba nisa da layin dogo. Abokansa duk suka zaɓi aikin da marar lafiya zai warke ya dawo da kaza yana godiya. Shi kuwa ya zaɓi ɗakin gwaje-gwaje, inda ake duba naman jikin mutum a gano cutar da ta kama shi, kuma a cikin jiki duka ƙwaƙwalwar tsofaffi ya sa wa ido. Akwai wata maƙwabciyarmu Inyamura, tela ce, mai yawan barkwanci. Duk sanda ta gan ni da kwanon miya sai ta ce, "Matar likita, yau ma kan wa oga ya kawo aka dafa?" Nakan ce mata, "Na mijinki muka nema, aka buɗe aka tarar ba komai a ciki." Sai ta yi ta dariya har ta dafa keken ɗinkinta. Ita wasa take yi, amma na san akwai masu faɗin haka ba da wasa ba.

Daga baya aka ba shi gida a Samaru, ni kuma na kama rumfa a kasuwa ina sayar da hatsi: masara, wake, gyaɗa, dawa. Shekara talatin da wani abu na yi a rumfar nan.

Sau ɗaya ya kai ni wurin aikinsa tun muna da ƙuruciya, don in daina jin tsoron warin maganin da ke bin rigarsa. Ya nuna mini yadda ake jiƙa ƙwaƙwalwa a magani makonni har ta yi tauri, a yanki ɗan guntu a sa shi cikin kaki irin na kyandir, a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a ɗan gilashi, a rina. Sannan a sa a ƙarƙashin na'urar da ke girmama ƙaramin abu, wadda ni madubi nake ce mata. Na leƙa, ban ga komai ba sai ruwan hoda da ɗige-ɗige.

Na ce, "Baban yara, me kake nema a nan?"

Ya ce, "Abin da ke cin mutum daga ciki, alhali fuskarsa tana nan yadda kika san ta."

Na ce, "Ashe ƙwarin wake kake nema. Buhu yana tsaye lafiya lau, sai ka zura hannu ka ji gari."

Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce zai faɗa wa ɗalibansa haka. Ya kuwa faɗa. Shekaru bayan nan ɗalibai sukan zo rumfata sayen wake su ce, "Mama, a ba mu wanda ba shi da cutar Farfesa."

Yana da wata ƙa'ida a aikinsa da bai taɓa saki ba. Yakan ce gilashi shi kaɗai ba ya faɗin komai, sai an haɗa shi da labarin mutumin tun yana raye. Wanne ya riga zuwa, mantuwa ko rawar hannu? Yaushe ya fara ɓata hanyar gida? Yana faɗuwa? Yana ganin mutanen da ba su nan? Akwai ranakun da yake wartsakewa kamar ba shi ba? Waɗannan amsoshi kuwa ba a wajen 'ya'ya maza masu takalmi suke ba. Suna wajen matar da ke wanke tsohon, ko surukar da ke ba shi abinci a baki. Su kuma ba sa sakin jiki da likita mai tabarau da littafi a hannu. Sai ya fara tafiya da ni.

Mun shiga gidaje a Jushi, a Samaru, a lungunan Sabon Gari. Shi yana zaure da maza, ni ina ciki ina taya mata tsince shinkafa. Ban taɓa yin tambaya kai tsaye ba. Nakan fara da labarin Iya, sai ka ga mace ta ajiye faranti ta ce, "Wallahi haka Baba yake yi." Idan muka fito sai ya tsai da mota a gindin bishiya ya ciro littafi, ina faɗa yana rubutawa. Tambayoyin nan na haddace su kamar addu'ar Ubangiji.

Labari ya samu da yawa. Ƙwaƙwalwa ce ba ya samu. Maƙwabtanmu Musulmi suna binne mamaci a ranar, kuma bai taɓa matsa wa kowa ba. Namu mutanen kuma sukan ce gawa sai ta koma gida cikakkiya, kada a je a ce sun sayar da kan ubansu. A duk tsawon aikinsa iyalan da suka yarda ba su da yawa, ya san kowannensu da gidansa, kuma duk Kirsimeti yana bi yana gaishe su. Sau biyu ya je ƙasar waje ƙarin karatu, sau biyu aka so ya zauna, ya dawo. Yakan ce mini, "Hotunan da ke cikin littattafanmu duk na tsofaffin wasu ƙasashe ne. Namu fa, wa zai duba su? In ba a duba ba, maita za a ci gaba da kiran abin."

Ya yi ritaya muka koma gidan da muka gina a Palladan. Shekara uku muka yi lafiya. Wata Lahadi mun dawo daga sujada a coci, ina zuba abinci, sai na ga ya ƙura wa ƙarƙashin tebur ido.

Ya ce, "Maman yara, 'ya'yan wa ke zaune a nan?"

Na duba. Na ce, "Ba kowa."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Har yanzu suna nan. Su uku." Sai ya ce, "Miƙo mini littafina."

Ya rubuta abin da ya gani, ya rufe littafin, ya ci abincinsa har ya ƙara. Ni ce na kasa ci. Da ya wanke hannu ya ce, "Baƙon da na yi shekaru ina nema a gidajen mutane, ga shi ya zo gidana da ƙafarsa. Kada ki yi kuka tukuna, muna da aiki."

A makon ya kira ɗalibarsa, wadda ta gaji kujerarsa a asibitin koyarwa. Likita nake ce mata, ita kuma tana ce mini Mama. Ta zo da takarda, idonta ja. Ya sa hannu, na dangwala. Ya ce mini, "Kin daɗe kina cewa ba komai a kaina sai littafi. To za a buɗe a tabbatar." Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, ka fi ni sani, takarda kaɗai ba ta isa ba. Idan dangi suka tashi da gardama ba zan iya taɓa ka ba. Ka gaya wa yayanka."

Ya ce zai gaya masa da Kirsimeti. Kirsimeti ta zo, muka je ƙauye, suka zauna gindin mangwaro suka yi hirar farashin citta, muka dawo. Ya ce sai Ista. Mutumin da ya shiga gidajen baƙi yana roƙon wannan abu ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, ya kasa buɗe baki a gaban yayansa, domin maganar ba za ta yiwu ba sai an taɓo Iya da kwaɗon nan. Yana ta ɗagawa har lokacin da maganar ta fi ƙarfin harshensa.

Shekara guda yana rubuta ciwonsa da kansa. Daga nan rubutun ya fara ƙanƙancewa har ya zama kamar jerin tururuwa, ko ni da ban iya karatu ba na ga bambanci. Wata rana ya riƙe biro ya daɗe yana kallonsa, sai ya sa shi a kofin shayi ya juya. Littafin ya tsaya a nan.

Abin ya dame ni ƙwarai. Na san ƙa'idarsa. Idan aka ciro ƙwaƙwalwar ba labari, an yi rabin aiki. 'Ya'yanmu suna nesa, ɗaya a Jos ɗaya a Legas, Likita kuma ba kullum za ta zo ba. Ni ce a gidan, ni ce ke gani, kuma ban iya rubutu ba. Sai na koma ga abin da na iya.

Na ajiye gwangwanin madara a kan taga. Duk ranar da ya ga baƙinsa, in jefa ƙwayar masara ɗaya. Ranar da ya faɗi, wake ɗaya. Ranar da ya tashi garau, ya san ni, ya tambayi jikoki da sunayensu, gyaɗa ɗaya. Ranar Lahadin farkon wata, da muka dawo daga cin jibin Ubangiji a coci, sai in juye gwangwanin a ɗan ƙyalle, in zuba toka kaɗan da busasshen barkono guda don kada ƙwari su ci, kamar yadda nake yi wa iri. In ƙulle, in ɗaure a jikin wata igiya, kowane ƙulli yana bin na gabansa. Ban gaya wa kowa ba, don ina jin kunyar Likita ta ga aikin jahilci. Na riƙa tura igiyar ƙarƙashin gadonsa. Ta kai ƙulli arba'in da uku.

Ya rasu wata Talata da hantsi, ana yayyafi, ina shafa masa mai a ƙafa. Ba zan faɗi fiye da haka ba a kan wannan safiyar.

Aka kai shi ɗakin ajiye gawa. Likita ta zo ta durƙusa a gabana ta riƙe hannuna. Ta ce a hankali, "Mama, kin san lokaci yana da muhimmanci. Idan ya wuce gobe da rana, abin da za mu gani zai ragu." Na ce na sani.

Yaya ya iso da la'asar, shi da matarsa da wasu dattawan dangi uku, ya tarar 'ya'yanmu sun iso. A al'adarmu, matar mamaci tana zama a tabarma a ɗaki, mata kewaye da ita, kanta a lulluɓe. Ba ta da baki a maganar gawa. Maza ne ke zama su yanke ranar tafiya da wurin kabari, sai dai a aiko a gaya mata. Don haka ina ciki tare da matan zumuntar cocinmu suna waƙa a hankali, amma kunnena yana falo.

Na ji ɗana ya yi bayani. Na ji Likita ta miƙa takarda. Sai muryar Yaya ta tashi.

"Takarda ce ta haife shi? Ni na goya shi zuwa makaranta a wuyana, rafi ya cika. Yadda ya zo duniya haka zai koma. Ba wanda zai fasa kan ƙanena kamar kabewa."

Faston cocinmu ya ce, "Baba, ai marigayin ne da kansa ya nema."

"Da bakinsa ya gaya mini? Sau nawa ya zo gida? Mutumin da hankalinsa ya tafi, kowa zai iya kama hannunsa ya sa a takarda."

Ana cikin haka, matar Yaya ta shiga ɗakin marigayi don ta share a shimfiɗa wa baƙi. Sai muka ji ta ƙwala ihu tana kiran sunan Yesu. Ta fito falo riƙe da tsintsiya, ta rataya igiyata a bakin tsintsiyar don kada ta taɓa da hannu. Ƙulle-ƙulle arba'in da uku na tsofaffin ƙyallaye, toka tana zuba, a ƙarƙashin gadon mutumin da ya yi shekaru yana ganin abin da ba a gani. Ko ni ce na tsinci irin wannan a gidan wata, na san abin da zan fara tunani.

Waƙar matan zumunta ta tsaya. Wata da muka yi shekara ashirin muna zama benci ɗaya a coci ta ɗan ja jikinta daga kusa da ni. Na ji wani dattijo a falo ya ce, "To, ga dalilin da ake son kan." A lokacin na ji ƙarar kwaɗon Iya a kunnena.

Na tashi. Matan suka riƙe zanena, na ce su sake ni. Na fita falo da lulluɓina, abin da matar mamaci ba ta yi. Na durƙusa a gaban Yaya na ce, "Yaya, ka yi mini gafara, na taka al'ada. Igiyar tawa ce. A ba ni faranti."

Ya ce, "Matarmu, koma ciki."

Na ce, "Zan koma. Amma shekara hamsin ban taɓa ɗaga murya a gabanka ba, ka ba ni wannan kaɗai."

'Yata ta kawo babban faranti. Na ɗauki igiyar da hannuna na kwance ƙullin farko na juye. Gyaɗa ta cika, masara huɗu, wake babu.

Na ce, "Wannan watan da ya daina rubutu ne. Kowace gyaɗa rana ce da ya tashi ya san ni. Kowace masara rana ce da ya ga mutanen da ba su nan. Wake kuma faɗuwa ne. Tokar da barkonon na ƙwari ne, matarka ta sani, haka take adana irinta."

Na kwance na biyar. Na kwance na goma sha biyu, na ce, "Ga wake uku. Na ukun nan a bakin rijiya ne, shi ne tabon da ka gani a goshinsa ka tambaya." Na ci gaba. Ban kwance duka ba, ina tsallakewa, amma kowa yana gani da idonsa yadda gyaɗa ke raguwa masara tana ƙaruwa. Likita ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da farantin. Ta ce, "Mama, tsaya, kada ki haɗa su. A kawo mini kofuna." Ta ce, "Shekara nawa kina wannan ba ki gaya mini ba?" Na ce, "Na ɗauka za ki yi dariya." Ta ce, "Da ɗalibaina suna rubuta rabin wannan, da na huta."

Na zo ƙulli na ƙarshe. Masara ce kusan duka, da wake biyar, da gyaɗa guda ɗaya. Na ɗaga gyaɗar na nuna wa Yaya.

Na ce, "Wannan ranar Alhamis ce, mako biyu da suka wuce. Ya tashi idonsa garau, ya ce in ba shi kunu da kansa zai sha. Ya ce mini, 'Ban gaya wa Yaya ba, ko?' Na ce ba ka gaya masa ba. Ya ce, 'Ki gaya masa ba laifinsa nake nema ba. Da bai sa kwaɗon nan ba da sun kashe ta da duwatsu. Iya nake nema.' Saƙonka ke nan, na isar."



Na ce, "Yaya, ni na riƙa kai wa Iya abinci. Yara take gani a ƙarƙashin gadonta. Ƙanenka ma yara ya gani, a ƙarƙashin teburin nan da kake dafe da shi. Hannunta ya yi rawa, nasa ya yi. In ita mayya ce, to shi ma maye ne, sai ka faɗa a gaban Fasto. In kuwa ciwo ne, ka bari a buɗe a gan shi, a san kamanninsa."

Yaya ya janye hannunsa daga teburin. Tsoho ne mai taurin kai, ban taɓa ganin hawayensa ba, ranar ma ban gani ba. Ya daɗe yana kallon farantin. Sai ya juya ga Likita.

"Ke yarinya, fuskarsa fa?"

Ta ce, "Ba a taɓa fuska, Baba. Ta bayan kai ake bi, a ɗinke. Idan aka sa hula ba za ka ga komai ba."

Ya ce, "Zan tsaya a bakin ƙofa har ku gama. Ni zan sa masa hular da hannuna. In na ga ƙanena ya canza kama, ni da ku ne." Sannan ya dube ni ya ce, "Ke kuma, matarmu, koma tabarmarki. Kin ba mutane tsoro da waken miya."

Washegari da safe aka yi. Yaya ya tsaya a bakin ƙofar kamar yadda ya ce, ya ƙi kujerar da aka ba shi. Ɗana ya ce da aka kira Yaya ciki, ya sa hular, ya gyara ta sau biyu, ya karkata ta gefe yadda marigayi yake sawa. Da ya dawo gida ya tsaya a ƙofar ɗakin da nake ya ce, "Kamar barci yake." Ranar Asabar muka kai shi ƙauye. A bakin kabari Yaya da kansa ya gaya wa jama'a abin da aka yi da dalilin yin sa, ya ce duk mai magana ya zo ya same shi.

Bayan wata huɗu Likita ta aiko cewa gilashin ya kammala. Na aika wa Yaya, ban sa ran zai zo ba. Sai ga shi ya sauko daga mota da buhun acca. Muka tafi tare. Ɗakin yana nan da warinsa na da. A kan dogon tebur na ga kofuna an jera, kowanne da takarda a jikinsa, hatsina ne a ciki, wata bayan wata.

Likita ta fara nuna mana wani yanki na ƙwaƙwalwarsa, ta ce a mai lafiya wurin nan baƙi ne, nasa kuwa ya koɗe. Sannan ta gyara madubin ta ce in leƙa. A wannan karon na san abin da nake nema. A cikin wani ɗan abu kamar ɗaki mai ruwan ƙasa na ga ɗigo zagaye kamar ƙwayar gero, da haske kewaye da shi. Ta ce bai kamata ya kasance a wurin ba, kuma irinsa sun bazu har zuwa sassan da mutum ke tunani da gane abin da ya gani. Ta ce abin da kofunan suka faɗa da abin da gilashin ya nuna sun yi daidai. Na ce a raina, to ga ƙwaronka, Baban yara, an kama shi. Sai kuka ya ƙwace mini, na yi mai isata, ba wanda ya hana ni.

Yaya ya leƙa da ido ɗaya, ya rufe ɗayan da tafin hannu. Ya daɗe.

Ya ce, "Ɗan wannan abin?"

Ta ce, "Shi ne, Baba."

"Shi ya kama Iya?"

Ta ce, "Ba zan iya rantsewa ba, tunda ba mu ga tata ba. Amma labarin da Mama ta ba ni nata da nasa, kamar hanya ɗaya suka bi."

Ya gyaɗa kai. Ya sake leƙawa. Da muka fito ya ce in raka shi kasuwar Sabon Gari, ya sayi siminti buhu biyu. Ban tambaye shi ba. Daga baya matarsa ta gaya mini kabarin Iya ya gyara, wanda ke can gefen gona ciyawa ta rufe, ya kuma sa aka rubuta sunanta.

Igiyar da kofunan suna wurin Likita, kusa da littattafansa. Wani lokaci takan zo ta ɗauke ni mu shiga gidaje kamar da, ita a zaure ni a ciki, kuma mata biyu a Jushi yanzu suna da gwangwani a kan taga. Nakan ce musu su nuna wa dangi tun da wuri, kada su tura ƙarƙashin gado.

Gyaɗar ranar Alhamis kaɗai na hana. Likita ta roƙa, ta ce lissafin watan ba zai cika ba. Na ce ta rubuta ɗaya a takardarta. Gyaɗar tana nan a ƙulle a bakin zanena.